Kwayil na Uku

A shekarar 1934 babu mutum daga Sakkwato har Wamakko da ya san cikin mota kamar Malami Direba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma tun da motocin garin ba su kai ashirin ba, ba a sami mai lokacin yi masa gardama ba. Ya ce kunnensa kaɗai ya ishe shi. In inji ya yi tari sau ɗaya, ya san ciwon da maganinsa.

Motar da yake tuƙawa tsohuwar Fodi ce ta Sodangi, attajirin fatu na Gidan Dare. A gaban gwiwar direba akwai akwati mai murfi, a cikinsa kwayil huɗu a jere, kowanne yana aika wuta ga fulogi ɗaya, suna ƙugi kamar zuma. Wanda ya taɓa su inji yana aiki, ba ya sake taɓawa.

Wata safiya motar ta fara tsallake bugu ɗaya cikin huɗu, tana tafiya tana ɗingishi. Malami ya karkata kai, ya lumshe ido, ya yanke hukunci cewa kwayil na uku ya mutu. Aka aika Kano aka kawo guda uku ya zaɓa. Ya ɗauki wanda tagullarsa ta fi ƙyalli, aka mayar da sauran. Motar ta yi lafiya kwana huɗu, ta koma ɗingishinta.

Sodangi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce ranar Alhamis zai je Wamakko sayen fatu, in motar ta yi masa wannan rawar a gaban dillalai, akwai wani direba daga Zariya da ke neman aiki.

Ranar Laraba Malami ya kai motar wurin Junaidu makanike. Junaidu taubashinsa ne, ɗan ƙanen uwarsa, saboda haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. A bayan rumfarsa akwai wata gawar Fodi da ya shekara biyu yana harhaɗawa da ƙarafan da Turawa suka zubar. Kwanan nan ya sami kwayil na huɗu, saura taya ɗaya ta tashi.

"Sarkin kunne!" in ji Junaidu. "Mi ya kawo ka? Kunnen ne ya toshe?"

"Wucewa nika yi, bawana. Na ce bari in ba ka dama ka koyi wani abu."

"To ba ni goro in koya."

"Babu. Na bar cin goro."

Junaidu ya tayar da inji, ya ɗauki sukudireba mai ƙotar itace ya riƙa dangana ta da fulogi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, inji ya ƙara rauni. Na biyu ma haka. A na uku babu abin da ya canza.

"Ka gani?" in ji Malami. "Na uku. Tun farko na faɗi."

"Awo, na uku ne. Amma mi ka kashe kwayil biyu wuri guda?"

Ya kashe inji, ya miƙa hannu zai buɗe akwatin. Malami ya ce ba sai an buɗe ba, shi ya riga ya duba. Junaidu ya buɗe. A saman kwayil na uku ga wani tsumma jiƙe sharkaf, a naɗe da kyau, ruwansa ya bi katakon kwayil har ya kumbura. Ya warware shi. Goro bakwai, farare, manya.

Goro ba ya son bushewa, kwayil ba ya son ruwa. Malami ya san na farkon sosai.

"Ashe ka bar cin goro," in ji Junaidu.

"Nan kaɗai ne ba ka sa hannu," in ji Malami, yana kallon ƙasa. "Aljihuna ka sani, hulata ka sani. Wanga akwati kowa na tsoron shi."

Junaidu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya gama, ya dubi fuskar taubashinsa, ya ga babu dariya a cikinta. Daga Kano kwayil ba ya isowa ƙasa da mako biyu, Alhamis kuma gobe ce.

Ya tashi ya zagaya bayan rumfa. Ya daɗe kaɗan. Ya dawo da kwayil mai baƙin katako, ko ƙyalli babu, ya shanya akwatin a rana, ya zura kwayil ɗin a gurbi na uku. Inji ya tashi da bugu huɗu cif.

Da la'asar Sodangi ya biyo ta rumfar, ya tambayi abin da aka samu.

"Abin da Malami ya faɗi tun farko, ranka ya daɗe," in ji Junaidu. "Na uku ne. Kunnen nan nashi ba ya kuskure."

Malami ya gyara zaman hularsa, ya ce ai ya sha gaya wa mutane.

Ranar Alhamis motar ta je Wamakko ta dawo ba ta yi tari ko ɗaya ba. Junaidu ya ji wucewarta daga bayan rumfa, inda yake tsaye a kan tasa motar. Ya toshe gurbin kwayil ɗin da ya cire da busasshen tsumma don kada ƙura ta shiga, ya mayar da murfin, ya ɓare goro ɗaya daga cikin bakwai ɗin.