Kunnen Baba da Injin Auta

Shekara talatin Baba yana sana'ar ware robobin da aka tsinto daga shara, kuma ko da idonsa ya fara hazo bai fasa ba, don shi da kunne yake aiki. Sai ya ɗauki gora ya ɗalle ta da farce kusa da kunnensa, ya wurga ta buhun da ya dace. Ta ruwan sha kukanta daban, ta man shafawa daban. Ita kuwa mai taurin nan irin ta bututu, wadda guda ɗaya in ta shiga cikin robar da masana'anta ke narkawa take ƙona narkin gaba ɗaya, ba ta taɓa tsere masa ba.

'Yarsa Auta ce ta ga wahalar ta isa haka. Ta ajiye aikin ofis, ta sayar da motarta, ta sayo injin niƙa roba ta kafa a rumfarsa, don niƙaƙƙiya ita masana'anta ke rububi. Burinta bai wuce tsohon nan ya samu ya miƙe ƙafa ba.

"Baba, ka huta mana. Zan ɗauki masu warewa."

"Su ware me? Waɗanda ba su san gora da bokiti ba? Ke niƙa, ni in zaɓa."

Ta sayo wa kowa abin toshe kunne, saboda injin ba ƙaramin ihu yake ba. Baba ya juya nasa, ya rataye a ƙusa.

"In toshe kunne, in yi aikin da me? Da hanci?"

Auta ta yi dariya ta ƙyale shi. Har yau in ta tuna dariyar nan sai ta ji ta tsani kanta. Shi kuwa ya ja kujerarsa har bakin injin, wai kada komai ya shiga bai bi ta hannunsa ba, kullum a wurin yake wuni.

A wata na bakwai da kafa injin masana'anta ta dawo da kaya mota guda, an ce an sami ta bututu a ciki. Auta ta ɓoye masa, ta ɗora laifin a kan masu kawo shara. Da aka dawo da na biyu, ta san babu sauran ɓoye-ɓoye.

Da hantsi ta kashe injin, ta sallami ma'aikata waje. Rumfar ta yi tsit. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kayan sun sake dawowa. Ina ga sai mun duba yadda ake warewa."

Ya ƙura wa bakinta ido, gora a hannunsa. Ta maimaita da ƙarfi. Ya girgiza kai, ya ɗaga murya yadda ya saba yi kwanan nan.

"Auta, kashe injin nan tukuna mana! Ba na jin abin da kike faɗa."

Ta tashi da hawaye, ta je ta ɗora hannu a kan makunnin da ta riga ta kashe, ta kasa juyowa.