Kaskar da Ta Rage a Kunne

Shanun huɗa biyu Falalu yake da su a Dakko. Ɗaya ya mutu kafin ruwan farko, ɗayan kuma ga shi a turke ya daina tuƙa, sai kewaya igiya yake yi yana haki. Babu allurar kasuwar Bakura da ba a soka masa ba. In wannan ma ya tafi, gonar bana sai dai a dube ta da ido.

Ranar Laraba mai unguwa ya aiko cewa wasu likitocin dabbobi masu bincike sun sauka a Talata Mafara, gobe za su zo duba san. Saƙon bai wuce haka ba.

Falalu kuwa irin mutanen nan ne da ko tabarmar baƙo sai sun kaɗe ta sau biyu. Da ya ga yadda kaska ta yi wa san ca a wuya da ƙarƙashin wutsiya, kunya ta rufe shi. Baƙi su zo daga birni su ce ga ƙazamin da ya bar dabbarsa haka? Shi da matarsa Taiba suka wuni a kai, yana cira tana jefawa a garwashi. Suka wanke san da magani, suka share garken, suka ƙone sharar.

Da hantsi mota ta iso. Bayan doguwar gaisuwa, shugabarsu Likita Ummulkhairi ta fito da hantsaki da ƙananan kwalabe. Ta shafa san daga wuya har wutsiya, ta sake shafawa.

"Baba, ina kaskar jikinsa?"

"Ai mun gyara muku shi, likita," in ji Falalu, har da murmushinsa. "Jiya munka ƙone ta duka."

Sai ta yi masa bayani a hankali. Ta ce cikin kaska ɗaya akwai ƙwayoyin bakteriya gari guda, wasu ba ruwansu da kowa, wasu kuwa su ke shiga jinin dabba in ta ciji. Da ta samu ko ƙwara uku, da na'urarsu ta nuna mata mai ɓarnar kafin dare. Jinin san da wuya ya nuna komai, an riga an cika shi da allurai. Ta yi masa magani bisa hasashe, ta bar wa Falalu kwalba ɗaya ko zai ga wata, ta ce bayan Juma'a za su tashi, jami'an tsaron da ke yi musu rakiya a hanya ba za su jira ba.

Ya bi garkunan maƙwabta ya ciro mata kaska, ta ce sai ta jikin mai ciwon. Ya tone tokar jiya da sanda. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Asabar da safe, bayan likitocin sun tashi, san ya faɗi, aka yi maza aka yanka kada ya zama mushe. Ana fiɗa Falalu ya juya kan, sai ga kaska ɗaya can cikin kunne, ta sha jini ta yi tim. Taiba ta matso da garwashi kamar yadda ta saba.

"Bar ta," ya ce.

Ya sa ta a kwalbar ya rufe, ya zauna bakin turken yana kallonta tana hawa gilashi tana zamewa.