Ranar da Kaza Ta Taka

Rakiya ta tsoma auduga cikin magani, ta bi gindin kowane ƙarfe tana gogewa a hankali. Guda shida ne, sun huda ƙwaurin mijinta sun kama ƙashi, sanduna biyu na riƙe da su ta waje. Mota ce ta take Adamu a bakin titin Tallaje, ƙashin ya rugurguje har ya ɓullo ta fata. Ƙafar dama ce, wadda yake taka keken ɗinki da ita.

"Wata huɗu za su yi," in ji lokotoro Zahra'u ranar da aka sallame su daga asibiti. "Ki wanke safe da yamma. Duk wanda ya ce a cire, ki ce a'a."

Sati biyar ke nan, ciwon har ya fara tsukewa. Sai ga Yakuba, wan Adamu, ya sauka daga ƙauye, da wani tsoho maɗori a bayansa rungume da baƙar kaza.

Yakuba ya tsaya yana kallon ƙafar. "Ƙanena ne wannan, ko eriyar tele?"

"Yaya, lokotoro ta ce kada a taɓa."

"Mace ta gaya wa mace. Babanmu sau biyu yana karyewa, wa ya buga masa ƙusa? Kwana ashirin Baba maɗori ya ce, Adamu ya miƙe."

Rakiya ta dubi mijinta. Shi kuwa idonsa na kan shaddojin mutane da ke jibge bisa keke.

"Bar su, Rakiya," ya ce. "Babbar Sallah saura wata guda."

* * *

Mai gyaran moto aka kira, ya zo da sifanarsa ya kwance sandunan. Daga madafa Rakiya ta ji muryar Adamu, ta cusa gefen zanenta a baki.

Da ta fito, tsohon ya riga ya karya ƙafar kazar, ya ɗaure ta da tsinke da zare. Sannan ya jera karare jikin ƙwaurin Adamu, ya tamke da igiya.

"Ranar da ta taka, ya taka," ya ce. "Ki ba ta gero, 'yata. Kada a kwance ɗorin."

Ta ba ta gero. Kwana huɗu, yatsun Adamu suka yi sanyi. Kwana shida, turaren wuta ya kasa rufe warin ɗakin. Ta kira Yakuba a waya, ya ce ɗori ne ke kamawa. A kwana na tara ba ta tambayi kowa ba, ta fita ta tsayar da taksi.

Lokotoro Zahra'u ta yanke igiyar, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi wa Rakiya ciwo ke nan.

"Yaya take?" in ji Adamu.

"Gwiwar za mu iya tsirar da ita, Malam."

* * *

Sallah ta zo ta wuce. Masu shadda sun kwashe kayansu, Rakiya ta lulluɓe keken da tsohon zane.

Da hantsi Adamu na zaune kan tabarma, an naɗe ƙafar wandonsa ta dama a ƙasan gwiwa, inda aka yanke, an soke da allura. Baƙar kazar ta fito daga bayan randa, zaren ɗorin na jan ƙasa. Ta ratsa tsakar gida da ƙafafunta biyu, ta shiga ƙarƙashin keken ta hau tono.

"Ta taka," in ji Adamu.

Rakiya ta ci gaba da tsince shinkafarta.