Kafaɗar Hagu

Wata bakwai ke nan Inna tana kiran 'yarta "baiwar Allah". Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, sunaye suka riƙa zube mata ɗaya bayan ɗaya. Doguwa, autarta, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, kullum kuma sai Inna ta yi mata godiya irin ta baƙo. Ba wanda ya taɓa ganin hawayen Doguwa. So take dai, ko sau ɗaya, uwarta ta gane ta.

Ranar da Kawu ya zo fitar da keken ɗinkin Inna, wai ya tare ɗaki, Doguwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wadda ba ta san 'yarta ba, ina za ta san keke?" in ji shi.

"Kawu, ajiyar kai daban, ajiyar hannu daban. Na karanta."

"To, Likita! Mu gani a ƙasa."

Doguwa ta jawo keken gaban taga, ta zaunar da Inna a gabansa, ta ɗiga masa mai. Ƙamshin ya cika ɗakin, burbushin zare na yawo cikin hasken la'asar kamar ba ya son sauka. Inna ta shaƙa, ta lumshe ido. Can sai ƙafafunta suka lalubo matakin da kansu, keken ya soma tsohuwar waƙarsa.

"Baiwar Allah, ɗinki kika kawo?"

"Riga nake so."

"Juyo a gwada ki."

Inna ba ta taɓa awo da tef ba, da taƙi take yi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Yatsun suka bi bayan Doguwa a hankali, ɗaya, biyu. A kafaɗar hagu suka tsaya, inda ƙashin da ya karye ya ɗoru a karkace tun tana 'yar shekara bakwai. Suka koma baya, suka sake dawowa.

"Nan sai an ƙara yatsa biyu," Inna ta ce, muryarta kamar daga nesa. "Doguwa! Sau nawa zan ce ki daina hawa katanga?"

"Na daina, Inna."

Kawu ya juya fuska, ya shiga neman takalminsa.

Kafin haske ya bar tagar, Inna ta sake dubanta da idon baƙo. "Baiwar Allah, wane launi kike so?"

Doguwa ta gyara tsayuwa, ta miƙa mata kafaɗar. "Ba ki gama awon ba tukuna."