Je Ka Cire Motarka

Ni dai tun da safe na gaya wa Rahina ta rage rawar kai. Yaro zai zo gaishe da baffanki karon farko, ki bar shi ya ajiye mota kamar kowa. Ina! Rilwanu sabuwar mota ya saya mai lantarki, daga garin Charlotte na nan Amurka ya taso, wai cajinsa ba zai mai da shi gida ba.

Cajar motoci da ke harabar gidajenmu na titin Gate City Boulevard ba ta tashi sai da katin ɗan haya. Namu katin yana rataye a makullin maigidana Alhaji, baffan Rahina, ba a taɓa amfani da shi ba tun shigowarmu, don tsohuwar motarsa fetur ta sani. Rahina ta zare shi a ɓoye, ta sauka ta jona wa saurayinta mota.

Alhaji ne waliyyinta, kuma ba saurayi ɗaya ya kora ba. Wani laifinsa kawai ya duba waya ana magana. Saboda haka Rilwanu ya kashe tasa tun a ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kai sunkuye. Rahina ta ja masa kunne cewa ko gini ne ke rushewa, kada ya motsa sai ya ji amsa.

Aka yi gaisuwa, aka ci tuwo. Alhaji ya ɗauko tarihin zuwansa Amurka tun daga filin jirgin Kano. Na san yaron ya kwanta masa a rai, ya gama bincikensa tuntuni. Jan aji kawai yake, so yake a yi ta sintiri har bayan Sallah.

Sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya ɗora tabarau ya duba, fuskarsa ta canza. Na kawo zoɓo na leƙa ta kafaɗarsa. Saƙo ne daga ofishin gidajen: mota ta cika, in ba a cire ta ba kowane minti da tararsa, kuma a kuɗin haya za a ɗora. Wallahi da ƙyar na riƙe dariya. Mutumin da ke bin mu ɗaki-ɗaki yana kashe fitila!

To ya zai yi? Ba ya iya ce wa baƙo ya tashi ya tafi, balle ya buɗi baki ya ce wa mai neman 'yarsa motarsa na ci masa aljihu. Abin kunya ne har Kano.

"Hanyar Charlotte fa da nisa," in ji Alhaji.

"Ba komai, Baba. Ko kwana ne sai in yi."

Waya ta sake ƙara. Alhaji ya share gumi, da sanyin nan.

"Motocin nan naku na zamani, ba sa lalacewa in sun daɗe a wuta?"

"Ko kaɗan, Baba. Da kanta take tsayawa."

Kai, yaro mai ladabi bala'i ne! Na koma kicin na tarar da Rahina ta kifa kai a firji, ta tabbata yau ma an kori nata. Tausayinta ya kama ni sosai.

Ƙara ta uku, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam Rilwanu, ka turo manyanka. Na ba ka."

Rahina ta ƙanƙame ni tana kuka. Shi kuwa ango ya durƙusa ya fara godiya. Ya yi wa Alhaji addu'a, ya yi wa iyayen Alhaji, ya gangara kan kakanni.

"Amin, amin," Alhaji ya katse shi. "Yanzu ka zama ɗan gida, ko?"

"Na zama, Baba."

"To ɗana, tashi a guje ka je ka cire motarka."