Burodin Amaryar Danda

Ranar kasuwar Urafane, Sakina ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida ta koma ta sake sharewa, ta ɗora tukunya ta sauke, kunnenta duk yana kan hanya, wajen da amalanken surukinta yake ɓullowa da la'asar.

Tsoho Danda bai taɓa dawowa daga kasuwa hannu wofi ba. Tun daga ƙofar gida yake ɗaga murya: "Ina amaryata? Ga cefane na kawo, kada a ce na gaza!" Amaryar kuwa jikarsa ce, Safa, 'yar farin Sakina, yarinya 'yar shekara biyar mai siraran ƙafafu da ciki kamar an hura. Cefanen kuma burodi ne. Yakan zaunar da ita kan tabarmarsa, ya tsoma mata a shayi, ya zuba mata ido har ta cinye.

Burodin nan shi ne ciwon. An sha yawo da Safa, daga likitar gari zuwa Tasawa, har Maradi, inda lokotoro ya gwada jininta ya ce hanjinta ba ya jure alkama, kuma ba zai taɓa jurewa ba. Ban da burodi, ban da fanke, ban da taliya, ko ɗan gutsure. A tukunyar gida wannan ba wuya, gero ne da dawa da wake. Yarinya takan fara murmurewa cikin mako, sai ranar kasuwa ta zo, gudawa da kumburi su dawo sabo.

Laminu, uban yarinyar, yana can arewa wajen haƙar zinariya, waya ba ta cika samunsa ba. Sakina kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Danda ba. Gaisuwa daga durƙushe, shi ke nan. Balle magana a kan 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ta sa ƙanwar mijinta, Lailatu, ta gaya masa. Tsoho ya yi dariya har da tari.

"Burodi? Burodin da ake ba marar lahiya bisa gadon asibiti? Ke Lailatu, tahi ki ba ni wuri. Ba ku ga yadda ta rame ba? Yunwa ce!"

Kasuwar da ta biyo baya, biyu ya sayo.

Daga nan Sakina ta shiga neman burodin da ba alkama a cikinsa. Ta sa an tambaya mata a kantunan Tasawa, aka ce sai dai ko Yamai. Sai ta koma ga turminta, don ba ta yarda da injin niƙa ba, kowa da abin da yake zubawa a ciki. Ta jiƙa shinkafa ta daka, ta haɗa da garin rogo da yis, ta zuba a gwangwanayen madara, ta jera cikin tukunya mai yashi, garwashi sama da ƙasa. Na farko ya fito kamar tubali. Wani ya wargaje a hannu kamar dambu. Akuyar gidan ta yi ƙiba a watan nan. Ta ƙara ƙwan zabo, ta rage rogo, ta koma ta ƙara. Wata rana tana kaɗa miya ta tsaya tana kallon yauƙin kuɓewa, sai ta ɗebi garin busasshiya ta barbaɗa a ƙullin. Wannan ya tashi, ya riƙe jikinsa, bayansa ya yi ja.

Safa ta gutsura ta tauna. "Masa ce ta yi ƙiba," in ji ta. Amma ta cinye, ta sake miƙo hannu.

Da safen ranar kasuwar nan Sakina ta tare Jibo a bayan gida, ta miƙa masa burodin da ta gasa a cikin leda. Jibo ɗan kawunta ne, shi ke kai burodi kasuwa bisa moto, kuma wurinsa Danda yake saye.

Ya jinjina ledar a hannu. "Taubashiya, mi ne ne wannan? In ya faɗo mini a ƙafa ai sai ɗori."

"Bakinka. Ka bar shi cikin ledarsa, kada ya taɓa naka. In Baba ya zo, shi za ka ba shi. Ka ce sabon fitowa ne."

"Ƙarya za ki sa ni da sassafe?"

"Wadda kake yi kullum wa ya sa ka?"

Ya tafi yana dariya. Ita kuwa tun lokacin take kai da kawowa.

Rana ta karkata, ta ji ƙarar amalanke da muryar tsoho yana yi wa jaki faɗa. Ta matsa bayan zanan da ya raba tsakar gida da rumfarsa, ta sa ido a ɗan gibi.

"Ina amaryata?"

Safa ta ruga. Danda ya zauna, Lailatu ta kawo masa shayi, ya zura hannu cikin jaka. Abin da ya fito dogo ne, fari, mai laushi. Burodin alkama.

"Yau Jibo ya so ya cuce ni," in ji shi yana gutsurawa. "Ya miƙo mini wani dunƙule, wai sabon fitowa. Na latsa, na ɗanɗana, na ce kai yaro, ni za ka yi wa wayo? Amaryata ba ta cin kwantai. Na jehe mishi abinshi na tahi gaba na sayi na ƙwarai."

Tsoho ya tsoma gutsuren a shayi ya sa a hannun Safa. Yarinyar ta dubi burodin, ta dubi zana, don ta san wa ke bayansa. Ta fara ɗaga hannu zuwa baki.

Sakina ba ta san lokacin da ta zagayo ba. Da takalminta a ƙafa ta taka har bakin tabarma, ba ta durƙusa ba, ta riƙe wuyan hannun yarinyar ta ɓamɓare burodin daga yatsunta.

"Safa ba za ta ci ba."

Sunan ya fito a gaban surukinta, kowa ya ji. Lailatu ta sa hannu a ka. Sai a lokacin gwiwoyin Sakina suka kai ƙasa, tana kallon yashi, amma ba ta fasa magana ba.

"Baba, ka yi mini gahwara. Duk ranar da ta ci wannan, ni ke wanke zanenta har gari ya waye. Ba yunwa ba ce. Shi ke cinye ta. Wanda Jibo ya ba ka ni na gasa, ba kwantai ba ne."

Danda ya ajiye sauran burodin. Bai kuma dube ta ba. Ya ture shayin da ke hucewa gefe. Can ya jawo Safa, ya kama damtsenta, yatsunsa biyu suka zagaye shi har da saura. Ya ɗora tafinsa a cikinta ya ɗan danna, yarinyar ta yamutsa fuska. Ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa wuta.

Ya naɗe dogon burodin a takardarsa ya tura wa Lailatu. "Kai ma maƙwabta."

Sannan ya juya ga jikarsa, da ita kaɗai yake magana. "Amarya, tambayi uwarki, akwai sauran dunƙulen nan?"

Akwai guda. Sakina ta kawo a faranti tare da sabon shayi, ta ajiye nesa kaɗan, ta koma bayan zana. Ta gibin ta ga ya karya da ƙyar, ya tsoma ya daɗe bai ciro ba, ya kai bakinsa ya tauna da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Amarya, ce mata gishiri ya yi kaɗan. Kuma ya yi nauyi. Mu ba gini za mu yi ba."

"Inna, wai gishiri ya yi kaɗan!" Safa ta ƙwala, bakinta cike.

Ya tsoma mata wani, ta karɓe. Sakina ta goge fuskarta da bakin zane. Ba ta san ko tsohon zai amsa gaisuwarta gobe ba, ko abin da Laminu zai ce in labari ya kai gare shi. Ta jawo ƙwarya ta auna shinkafa ta zuba ruwa, ta tsaya da garin rogo a hannu, tana tunanin ko shi ne ya kamata ta rage.