Ranar da Gagara-Ruwa Ya Janye Maganarsa

Duk wanda ya ce maka akwai wanda ya san kogin nan kamar Gagara-Ruwa, ka dube shi kawai ka yi gaba, bai san abin da yake faɗa ba. Mutumin da ruwa ya haɗiye yana saurayi, ya amayo shi a gindin gada da ransa. Ya sake kifar da shi a kwale-kwale yana magidanci, ya fito da mutum biyu a hannu, hularsa ma ba ta faɗi ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma lambobin da ke jikin sandar awon ruwa, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka su.

A tashar awon ruwa yake aiki. Ɗaki ne guda a kan tudu, da tebur, da na'ura mai ƙyafta fitila, da matakalar siminti da ta gangara har cikin kogi. A gefen matakalar aka kafa sandar, fari da baƙi, can sama an shafa mata ja. Safe da yamma yakan sauka ya ga inda ruwa ya tsaya, ya hau ya faɗa wa Injiniya, ita kuma ta haɗa da abin da tashar sama ta aiko, ta faɗi abin da kogi zai yi. Injiniyar nan sa'ar 'yarsa ce. Tana ce masa Baba, yana ce mata 'yata, yana kuma gaya wa kowa cewa shi ya koya mata rabin aikin.

Damunar bana ba ta yi ƙarfi a garin ba. Saboda haka a teburin mai shayi, gaban jama'a, Gagara-Ruwa ya bugi ƙirji ya ce, "Bana ko akurkin kaza ruwa ba zai jiƙa ba. In ya shiga unguwar gangare, ku zo ku aske min gemu a bakin titi."

Maganarsa kuwa ba a wasa da ita a unguwar gangare, domin a can yayarsa take, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta. Mutanen unguwar suna da hanyarsu ta gane ambaliya: ba sa sauraren rediyo, ƙofar Yaya suke kallo. In an ga ana fitar da kayanta, kowa ya ɗaure nasa. In labulenta na nan a sake, ko wa ya zo da gargaɗi sai a ce masa sannu da aiki.

Kashegari da safe, rana ta fito tar, ba ko ɗigon gajimare. Gagara-Ruwa ya hauro daga matakala yana karkaɗe wando, ya tarar da Injiniya a tsaye, ba ta ko taɓa shayinta ba.

"Baba, ruwa na zuwa."

"Daga ina, 'yata? Daga famfo?"

"Daga saman kogi. Mutanen can kwana suka yi ana sheƙa musu ruwa a kan duwatsu. Kafin yamma zai iso mu, kuma zai wuce jan fenti."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yanzu na fito daga gindin sanda. Inda na bar shi jiya, nan yake kwance kamar jariri."

"Motar lasifika ta zaga gangare sau biyu," in ji ta. "Ko tabarma ba wanda ya naɗe. Direba ya ce suna ta leƙen ƙofar Yaya. Baba, ni ba za su ji tawa ba."

"Ba ni wayar nan in ji daga bakin Kwaɗo."

Kwaɗo shi ne mai duba sanda a tashar sama, tsoho kamarsa. Ba su taɓa ganin juna ba, amma shekara da shekaru ba a taɓa ba da lamba tsakaninsu ba sai an fara da zagi. Kwaɗo ya ce, "Tsohon kada, har yanzu ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "Sai na ga bayanka tukuna, mai ƙaton baki." Daga nan sai aiki. Ranar da matar Kwaɗo ta rasu ma sai da ya yi zagin, da murya a dishe.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Gagara-Ruwa ya gyara murya, ya tanadi amsarsa.

"Ɗan'uwa, kai ne?" in ji Kwaɗo.

Gagara-Ruwa ya cire wayar daga kunne ya dube ta, ya mayar.

"Ɗan'uwa, sandata ta tafi. Ina kan rufin tasha, an ce jirgin ruwa na hanya. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ka kwashe mutanenka, don Allah."

A bayan muryar akwai wani rugugi da ba ya yankewa. Gagara-Ruwa ya san shi. Ya taɓa jin sa daga cikin kogi, ranar da ruwa ya haɗiye shi.

Ya ajiye wayar, ya sake gangarawa matakala, ya tsuguna. Ruwa na nan inda yake. Ya ɗiba ya shinshina, ya dubi launinsa, ya dubi tsuntsayen da ke kiwo a tsallake hankalinsu kwance. Duk abin da idonsa ya sani ya ce masa babu komai. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce wa Injiniya, "Riƙe min sandar nan da ido, 'yata. Zan je gangare."

Ya tarar da Yaya a kan gadonta na ƙarfe, ta jingina da bango tana tsince wake a faranti.

"Auta, lafiya da hantsi haka? Ko sun kore ka?"

"Yaya, tashi za mu yi. Ruwa na zuwa."

"Wane ruwan? Ba kai ne jiya ka saka gemunka a caca ba? Har nan aka kawo min labari."

"Kogi ne ya canja magana. Da asuba na ga alama, irin wadda ba kowa ke gani ba."

Ta ajiye farantin. "Auta, ni na wanke maka kashi. In kana ƙarya, kunnenka na hagu motsi yake. Ga shi nan yana rawa."

Ya kai hannu ya kama kunnen. Ya zauna a bakin gado. Ɗakin na nan yadda ya san shi: akwatin mijinta marigayi a ƙarƙashin gado, agogon bango da ya tsaya tun tuni, kwanuka a jere a kan kanta.

"Ban ga komai ba," ya ce a hankali. "Yarinyar ce ta gani a lissafinta. Kwaɗo kuma ya ce min ɗan'uwa."

"Kwaɗon da kuke zage-zage?"

"Shi."

Yaya ta ce, "Ka san in ka fitar da ni a ranar nan, unguwa ta bi mu, ruwa kuma bai zo ba, ka gama magana a garin nan? Ko gaisuwarka sai an yi dariya."

"To in gama."

Ta dube shi sama da ƙasa, kamar yau ta fara ganinsa. "Kai ne kuwa? Miƙo min mayafina. Amma ba mai goya ni kamar buhu a gaban surukaina."

Baro ya aro a gidan magini. Ya shimfiɗa bargo da matashi, ya ɗaga ta ya ɗora, ta rungume agogon da ba ya aiki ta ce ba inda za ta je ba tare da shi ba. Ya yaye labulen ƙofar da hannunsa, ya turo ta waje.

Titi ya cika kafin su kai kwanar layi. Wanzami ya fito daga rumfarsa yana ɗaga aska. "Baba, in fara wasa ta ne?"

"Wasa ta da kyau, ɗan nema!" in ji Gagara-Ruwa. "Amma ka wasa ta a kan tudu. Jama'a, maganar jiya na janye ta! Ni na faɗa, ni na janye! Kowa ya ɗauki yaransa!"

Aka yi dariya. Wata mata ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Amma tana faɗa tana kwance igiyar akuyarta. Mai wanki ya fara sauke shanya. Kafin baron ya kai gindin hawa, katifu sun hau kai, tukwane na karo da juna, yara na jan awaki, Yaya a gaba tana ba da umarni kamar mai jan runduna. "A hankali, Auta! Rami! Makaho ne kai?" Hawan nan kuwa samari ma da haki suke kai ƙarshensa. Wani ya zo zai karɓe shi, Gagara-Ruwa ya ce masa ya je ya taimaki uwarsa.

A filin makarantar kan tudu suka zauna. Azahar ta wuce, rana na dukan kai, kogi shiru. Gunaguni ya fara. Wasu suka ce za su koma su ɗora girki. Gagara-Ruwa ya je ya tsaya a bakin hanyar gangarawa, ya buɗe hannuwa, bai da abin da zai nuna musu sai gemunsa. Ba wanda ya wuce shi.

Bayan la'asar wata yarinya ta nuna da yatsa. Ba da rugugi ruwan ya shigo ba. Ta kwatoci ya fara ɓullowa, ja kamar kunun ƙasa, ya malale titi, ya hau dakali, ya shige rumfar wanzami. Kafin rana ta yi ja, tagar ɗakin Yaya ta nutse. Filin ya yi tsit, sai kukan awaki. Iyaye na ta shafa kawunan 'ya'yansu, kowa nasa na gefensa.

Gagara-Ruwa ya dawo wajen baron.

"Kin ga hawan nan, Yaya? A garin nan kaf ba mai shekaruna da zai tura baro da mutum a ciki har..."

"Zauna, Auta."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar baron. Ta cire masa hula, ta ɗora tafinta a kan furfurarsa, idonta na kan rufin ɗakinta.